Shafi Huɗun da Na Yage

Maƙwabciyarmu ta yi shekaru tana tsinta a jujin bayan kasuwar Malanville kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ƙarfe, roba, tsofaffin takalma, buhunan albasa da sunka yage, duk tarawa take ta sayar. Inna nake ce mata. Shekarar da na bar lakwal, makarantar boko, ina zaman gida, ta kira ni ta ce tana so a rubuta rayuwarta a buga, jikokinta su karanta.

Na ce, "Inna, littafi aiki ne fa."

Ta ce, "To ke mi kike yi in ba kwana ba?"

Kullum da hantsi sai in ɗauki kaye, littafin rubutu, da biro in zauna ƙofar ɗakinta. Ba ta ba da labari a jere. In na tambaye ta wace shekara ce, sai ta ce shekarar da ƙarfe ya yi daraja. Na sha tashi in tafi gida cikin fushi. Duk da haka sai da munka cika kaye uku.

Wuri guda ne bai kwanta mini ba. Shekarar da kogi ya ci gonakin shinkafa, mijinta ya tafi nema bai aiko ba, ta ciyar da ɗiyanta da albasa da tumatir da 'yan kasuwa sunka zubar. Ta yanke ruɓar, ta shanya sauran, ta yi miya. To babbar ɗiyarta yanzu tana aure gidan manyan dillalan albasa, masu loda motoci. Na ga in surukanta sunka ji, sun sami abin yi mata gori har abada. Ban shawarci kowa ba. Kafin in kai kayen wurin mai buga katin biki na kusa da tasha, wanda ya yarda ya buga mana, na yage shafi huɗun nan, na dunƙule, na jefa cikin shara.

Na manta da wa nake aiki. Inna ta bar juji, amma har yau ba ta wuce tarin shara ba ta tona da sandarta ba. Kwana biyu sai ta aiko in zo. Na iske takardun a kan tabarma, ta miƙe su, ta danne da dutsen guga. Ba ta karatu, amma ta san hannuna.

"Ɗiyata, wanga ba naki ba ne?"

"Nawa ne."

"Karanta in ji."

Na karanta. Da na ƙare na faɗa mata dalilina ba kwana-kwana, har na ɗaga murya. Ta bari na gama.

"Shekaru ina juji," ta ce, "ban taɓa yar da abu ban juya shi na duba ba. Ke da ganin tabo sai ki jefar." Ta dube ni. "Amma kin faɗi gaskiya guda. Ita babbar ɗiyata ke zaune gidan, ba ni ba. Tafi ki karanta mata. In ta ce a'a, ki ƙone su."

Na hau kabu-kabu bayan azahar. Na iske ɗiyar tana tsintar shinkafa a tsakar gida, ga buhunan albasa jibge har rufin zaure, uwar mijinta na alwala can gefe. Na ce mu shiga ɗaki. Ta ce in karanta a nan. Na karanta ƙasa-ƙasa. Hannunta ya tsaya cikin faifai, ba ta dube ni ba.

"An yi kure," ta ce. "Ba ita ke yankewa ba, idonta bai jure albasa. Ni ke yankewa, ita ta shanya. Gyara, sa'an nan ku buga."

Uwar mijin ta ɗago ta tambayi abin da ake bugawa. Ɗiyar ta ce, "Littafin innata ne, Hajiya. In ya fito zan kawo miki."

Na gyara layin a kan gwiwata, na wuce tasha. Mai buga katin ya karɓi takardun da yatsa biyu, ya shinshina, ya tambaye ni ina sunka kwana. Na ce ya buga kawai.