Hannun da Ke Janye Kube

Bahago aka haife ni, amma kafin in kai aji uku an daki hannun nan har ya daina motsi sai da izini. In na miƙa shi karɓar abu, bulala. In na riƙe fensir da shi, rula a kan yatsu. Haka na girma ina cusa shi cikin aljihu kamar ya yi sata.

Ina digiri na uku a ƙasar waje, ina zaune a wata unguwa da ake kira Pantai Dalam, karatu ya ishe ni, sai wani abokina ya ja ni wani zaure a unguwar Titiwangsa inda ake koyon zare takobi irin na Japanawa. Ba faɗa ake yi ba. Ka durƙusa, ka zare, ka sari iska, ka mayar cikin kube, shi ke nan. Na ce yo wannan ai ko yaro ya yi.

Ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Wata huɗu takobina yana maƙalewa a bakin kube. Ina fizga da dama har kafaɗata ta yi tsami, waɗanda suka zo bayana duk sun wuce ni. Wallahi raina ya ɓaci. Wata Asabar na ƙudura cewa in bai fita yau ba, na bar musu kayansu.

Malaminmu wani ɗan guntun tsoho ne, ɗan ƙasar, wanda ya daɗe a Japan. Magana ba ta dame shi ba. Ranar ya zo ya durƙusa gabana. Bai kalli takobin ba, hannuna na hagu ya zuba wa ido, yana nan sandare a jikin kube.

Ya ce, "Dama ba ya zare takobi shi kaɗai. Hagu ne ke janye kuben baya. Naka me ya hana shi aiki?"

Na ce, "Malam, a wurinmu ba a sa shi gaba."

"Da wanne aka haife ka?"

Na nuna masa hagun. Sai ya ɗauki hannun da hannayensa biyu, yadda ake karɓar kyauta daga babba, ya riƙe shi na ɗan lokaci.

Ya ce, "An dake shi."

Kai, jama'a! Ni ƙato da gemu, uban 'ya'ya biyu, sai ga hawaye shar a gaban mutane. Kunya ta kama ni, amma na kasa tsayar da su.

"A nan ba mai dukansa. Sake shi."

Na share ido, na gyara zama, na ja numfashi. Hagu ya janye kuben da kansa, kamar da ma jira yake yi, takobi ya fito sumul ba ko gargada.

Tsohon ya ɗan bubbuga bayan hannun, ya ce ya yi kyau. Shekarata talatin da huɗu a duniya, ba wanda ya taɓa yabon hannun nan sai ranar.