Nafisa da Saƙon Makiyaya

Nafisa ɗiyar ƙanena Halilu ce, amma ni na raine ta a nan Bande tun da uwarta ta rasu. Ba zan yi mata ƙarya ba, tun tana ƙarama ba ta da daɗin riƙo. Rediyona ta kwance da wuƙar yankan kuɓewa, wai tana son ta ga ta inda magana ke shiga. Ni da na yi kolej, ban taɓa sha'awar buɗe cikin komai ba sai na kaza. Ita kuwa daga lise, wato babbar sakandare, a Magariya ta wuce Damagaram ta karanci ordinato, wato kwamfuta, ta dawo mini da tabarau da wata baƙar jaka da ko kallonta ba ta so a yi.

Mata na tambayata aikin me take yi. Me zan ce? Yarinya ta wuni a rumfa tana rubuta ƙananan layuka masu launi-launi a kan baƙin allo, tana yi wa allon tsaki. Da na matsa mata, sai ta ce aplikasiyon take ginawa, abin da za a sa a wayar makiyayi. In dabbarsa ba lafiya, ya danna hoton saniya ya yi magana, maganar ta je wa likitan dabbobi a Magariya. Ba rubutu, ba sai an ɗaura amalanke ba. Ƙungiyar makiyaya ta yarda a gwada kafin damina ta sauka garke ya yi arewa.

"In bai yi ba fa?" na ce.

"Yamai zan tafi, Gwaggo. Akwai masu kirana aiki."

Ta faɗa kamar tana cewa za ta je rijiya. Gidan nan daga ni sai ita.

To, bai yi ba. Likitan ya kira, ina jin muryarsa daga madafa. Wai saƙo na zuwa kam, amma ba komai a ciki sai "Salamu alaikum", shi ke nan. Daga Yekuwa sallama, daga Dancawo sallama. Ya ce shi ba mai gari ba ne da za a riƙa yi masa gaisuwar safe, in ba a gyara ba zai gaya wa ƙungiya a bar abin.

Daga nan kan Nafisa ya ɗaure, nawa ya fi nata. A cikin ordinaton akwai wata wayar ƙarya, zane kawai, a nan take gwada aikin. Ta danna saniya ta ce, "Akuya ce, tana zawo." Saƙon ya tafi cif. Ta miƙo mini tawa wayar ta ce in faɗi haka. Na faɗa, don ta rabu da ni. Ya tafi cif. Ta ce to rezo ne, wato sabis ɗin waya, ta hau moto, babur ke nan, har Dancawo ta gwada a can. Lafiya lau. Ta ce zafi ne, ta shanya waya a rana kamar kuɓewa. Lafiya lau. Sai ta buɗe wani shafi mai layuka suna hawa da sauka, ta ce wannan yana auna yadda aikin ke cin batir da ƙwaƙwalwar waya.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba abin da ya lalace."

"To me ya lalace?"

"Gwaggo, don Allah!"

Har ta daina cin tuwo da kyau. Na ga ta ciro jakar tafiya ta karkaɗe ta. Ni kuwa na mayar da jakar ƙarƙashin gado na ɗora mata tsohon turmi.

Ranar kasuwar Bande da hantsi sai ga Baffa Illo, wani dattijon makiyayi daga rugar Yekuwa, ya sauko daga amalanke yana huci. Ƙarsanarsa ta kumbura, ya aika saƙo a kan saƙo, ba wanda ya zo.

"Ke ɗiyar Halilu, karɓi abinki. Ba shi da tarbiyya."

Nafisa ta ce ya zauna. Ta haɗa wayarsa da ordinaton da igiya, ta sa wani jan ɗigo a gefen layukanta, ta ce nan aikin zai tsaya ta ga abin da yake yi a daidai lokacin. Ta ce, "Baffa, yi yadda kake yi a gida."

Ya gyara zama, ya gyara rawani, ya danna saniya.

"Salamu alaikum."

Ya yi shiru. Mu ma muka yi shiru. Wayar ta yi ƙit, saƙo ya tafi, allon ya tsaya a kan jan ɗigon.

"Baffa, ci gaba mana!"

"In ci gaba da wa? An amsa mini ne?"

Ta kalle shi, ta kalli layin. Ashe da hannunta ta rubuta cewa in waya ta ji shiru, to mutum ya gama, ta yanke ta aika, don kada saƙo ya yi wa rezon ƙauye nauyi. Ita a duk gwajinta ba ta taɓa yi wa waya sallama ba. Ni ma da na gwada, cikin fushi na yi.

Ta ce da sauƙi, za ta ƙara tsawon jiran. Ta ƙara, ta sake tura aikin cikin wayar. Baffa ya yi sallama, ya jira. Wayar ta jira. Shi ma ya ci gaba da jira, har ya ciro goro. Wayar ce ta gaji.

"Sai dai ta amsa masa," in ji Nafisa, tana dafe da kai. Ta ɗauki muryarta tana amsa sallama. Baffa ya saurara ya girgiza kai, wai ba zai zauna yana gaya wa sa'ar jikarsa ciwon saniya ba, a nemo babba. Su biyun suka juyo suna kallona.

Na ce Allah ya kiyaye, ni ba rediyo ba ce. Sai na tuna da jakar da ke ƙarƙashin turmi. Na karɓi wayar.

"Amin, alaikumus salam. Ina gajiya, ina dabbobi? To, faɗi abin da ya kawo ka."

Nafisa ta ce in sake, wai kamar faɗa nake yi. Baffa ya ce a bar shi haka, da ji ka san wannan za ta isar da saƙo. Ya yi sallama, na amsa masa daga cikin wayar alhali ina zaune bakina a rufe, ya kwashe labarin ƙarsana tsaf. Kafin la'asar likita ya kama hanyar Yekuwa a kan moto. Ƙarsanar ta tashi, ƙungiya ta riƙe aikin, Nafisa ba ta sake zancen Yamai ba.

Har yau ban gane me take rubutawa a allon nan ba. Abin da na sani, ba na iya sayen gishiri a kasuwa cikin sutura. Ina buɗe baki in tambayi mai kaya, sai wani da ban taɓa gani ba ya juyo da fara'a: "Hajiya, ashe ke ce! Tunkiyar nan fa har yanzu tana tari." Na ce wa Nafisa ta cire ni. Ta ce sai bayan damina, yanzu wata matsala take bi: wasu in an amsa musu, sai sun tambayi lafiyar maigidana, su tsaya jiran amsa.