Buyon da Gawayin Tori

A wani ƙauye da ke bayan Nikki an yi wata mata mai suna Buyon, gajera, mai kaurin dantse saboda dakan ƙwarar kaɗanya. Man kaɗe take yi, kuma ɗan kurmin kaɗanyar da mijinta ya rasu ya bar mata a bayan gida shi ne abincinta.

A kurmin nan tana da baƙuwa. Duk shekara da ɗaukewar ruwa wata 'yar tsuntsuwa ke zuwa, ba ta kai gwara ba, bayanta ruwan ƙasa, cikinta fari, da ɗan farin tabo a fiffike. Reshe ɗaya take so, na wata tsohuwar ɗorawa. Daga nan za ta zabura ta cafke ƙuda a iska ta koma, ta ɗaga fiffike ɗaya tana "tik, tik". Kafin ruwan farko ta ɓace. Marigayin yakan ce daga bayan hamada take zuwa. Buyon ba ta damu da inda ta fito ba, ita dai tun da ya rasu, da tsuntsuwar take hira in tana shanya ƙwara.

Wata damina Buyon ta tafi garin Parakou jegon 'yarta. Ta dawo ta tarar da kututture zalla. Tori, ƙanen mijinta, ya sare kurmin zai yi gawayi.

"Haba matar yaya, itace ne fa, ba mutum na kashe ba," in ji shi yana dariya. "In na sayar zan sayo miki zane."

Buyon kuwa har sakwara ta aika masa ranar.

Da ruwa ya ɗauke, tsuntsuwar ta zo. Buyon na tsaye tana kallo, tsuntsuwar ta kewaya filin, ta sauka a kan kututturen ɗorawar, ta ɗaga fiffike, ta tashi ta yi kudu. Ba ta sake dawowa ba. Ranar Buyon ta wasa fartanyarta.

Tori ya jera itacen, ya rufe da ciyawa da ƙasa, ya sa wuta tana ci a hankali. Ran kasuwa da ya tafi neman mai motar da zai kwashe gawayin, Buyon ta je da rana tsaka ta yaye ƙasar ta gefen da iska ke bugowa. Wuta ta samu numfashi. Kafin ya dawo babu komai sai toka. Ya ɗauka sakacinsa ne, ya haɗa tuli na biyu. Shi ma haka. A na uku ya laɓe, ya kama ta da fartanya a hannu.

"Ashe ke ce, tsohuwar banza!"

"Ni ce, Tori. Itace ne fa, ba mutum na ƙona ba. Saura nawa ka jera?"

A gaban dattawa ma ba ta musa ba. Suka ce kurmin nata ne da marayunta, ba na Tori ba, su kuma dattawa ba sa shari'ar toka. Mai motar ya daina zuwa, Tori ya koma birni yana acaɓa.

Shekaru bayan nan ya turo a roƙa masa gafara, har da goro. Buyon ta saurari 'yan aiken har suka gama, ta ba su ruwa suka sha, sannan ta mayar musu da goron.