Asida da Cokali a Bakin Titi

Shekarar da ɓarin jikina na dama ya shanye, ƙafar ba ta ba ni wuya sosai ba. Ta dawo kaɗan-kaɗan, har ina jan ta zuwa hawashata, gonar da nake nomawa, in ga yadda ruwa ke shiga kunyoyin auduga. Hannun ne ya yi taurin kai. Ina iya ɗaga shi, amma yatsun sun ƙi damƙar komai, ko ƙwayar dabino.

A ƙauyenmu, kusa da Hajj Abdalla, namiji ba ya shan ruwa a cikin gida da azumi. Kowane gida yana fito da siniyarsa, babban tiren abinci, bakin titi, a shimfiɗa tabarmi, a tare motoci a sauko da matafiya, ko suna so ko ba sa so. Hannu goma cikin kwano ɗaya na asida, tuwonmu na nan, kuma duk na dama ne. Wa zai tsoma hagu cikin abincin jama'a? Ni kaina, da na ga wani ya yi, da na tsame hannuna.

A asibitin Makwar wata likitar gashin ƙashi, sa'ar 'yata, ta ɗaura mini wani maɗauri a tafin hannu, mai ɗan aljihu da ake soke cokali a ciki. Ta lanƙwasa wuyan cokalin ya fuskanci bakina. Na ce mata, "'Yata, ni da furfurata, asida da cokali?" Ta ce, "Baba, hannun daman naka ne ko na wani?" Na karɓi cokalin na taho gida.

Wata huɗu ina fama da cokalin a ɓoye cikin ɗaki. Miyar kuɓewa ba ta da mutunci, kafin ta iso baki ta tsiyaye. Matata ta wanke jallabiya har ta daina magana.

Ranar ɗaya ga azumi, yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya shigo da la'asar.

"Ka zauna ciki a kawo maka naka," in ji shi. "Za a yi baƙi, kar a yi ta kallonka."

"Yaya, shekara nawa ina tare motoci a titin nan?"

"Don mutuncinka nake faɗa."

"Mutuncina yana bakin titi, can zan je in ɗauko shi."

Na dogara sandata na fita. An tare wata babbar mota da ta fito daga Damazin, direba da fasinja biyu suka zauna tare da mu. Aka kira salla. Na kwaso dabinona da cokali, kowa ya yi kamar bai gani ba. Sai aka matso da asida. Lomar farko ta faɗi kan tabarma. Ta biyu ta sauka a ƙirjina. Direban ya kau da kai yana kallon motarsa.

Sai ga hannun yaya a gaban fuskata da loma, ya ce, "Ungo."

Wallahi ban taɓa jin haushinsa irin na ranar ba. Na san ƙauna ce, amma raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, mai da hannunka. Kai ka raine ni, kai ka yi mini aure, amma ba za ka ba ni a baki gaban baƙi ba. In yunwa ce, ta kashe ni a nan."

Hannunsa ya tsaya cak, can ya kai lomar bakinsa. Na sake soka cokali. Ta uku ma ta zube. Ta huɗu ta iso, rabinta dai, amma ta iso. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi don kowa ya ji. Mutane suka gama na rage ni kaɗai ina ci, kuma ba wanda ya tashi yin sahu sai da na ɗaga kai na ce na ƙoshi.

Yaya ya ɗauki siniyarsa ya shige gida ranar, ni ma ban neme shi ba.

Washegari siniyar gidansa ta fito, ya ajiye ta gabana ba tare da ya dube ni ba. An yanka asidar ɓangarena ƙanana-ƙanana. A gefen kwanon ga wani tsohon cokali, ya lanƙwasa wuyan da kansa, har ya wuce misali. Na zare na asibiti daga maɗaurin, na soke nasa.