Malamar da Ta Daina Taɓa Alli

Malamar aji ɗaya, 'yar malamin makaranta, jikar magatakarda, tana tsaye nesa da allo, hannunta na dama ɓoye cikin mayafi. Da baki take koyar da rubutu: "Ku faro daga sama, 'ya'yana, ku sauko a hankali." Da ta ji takun takalmi a baranda sai ta waiga, domin ranar da hedimasta ya ga hannun nan, aiki ya ƙare.

Wani dattijo da ya zo ɗaukar jikarsa ya tambayi abin da ya raba ta da alli.

Ta fito da hannun yana rawa kamar mazari. "Baba, jiya na kama yara suna kaɗa fensir da gangan, wai haka Malama take rubutu."