Yoɗon da na danne cikin kaye

Wata biyar ke nan, amma har yau in na hangi mata biyu sun haɗa kai bakin rijiya suna magana ƙasa-ƙasa, sai in sauya hanya.

Ina gama karatu aka turo ni koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Dumega. Ni ce mace ta farko da suka gani riƙe da alli. Ajina zana ne da rufin kara. Yaran kuwa ba don iyayensu na so suka zo ba, umarnin kumandan ne, Baturen mulki. Shida daga cikinsu ƴanmata ne.

Direktanmu ya ce mini anspekta zai zo daga Dogon Dutsi bayan an gama girbi, kuma Bature ne mai son ganin tsirrai busassu cikin kaye, wato littafin rubutu, yadda aka koya mana. Sai na kwashi yara muka fita jigawar da ke bayan lakwal. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara ja, amma yoɗo na nan kwance bisa rairayi, da ƴan furanninsa kamar ƙananan ƙararrawa, fari-fari da shuɗi a baki. Ba ya neman inuwa, ba ya neman fadama. Damina ɗaya yake yi ya zubar da iri ya tafi.

Kowane yaro ya tsinko nasa. Na shimfiɗa kowane a shafi guda, na rubuta sunan yaron da na ubansa a ƙasa don su ji daɗi, na rufe kaye, na aza masa dutse.

Bayan kwana goma ƙaramar cikin ƴanmatan ta kwanta da masassara. A rana ta uku ba yarinyar da ta zo aji. Mai kawo mini fura ma ba ta zo ba. Da hantsi sai ga uwar yarinyar tsaye bakin zana, ba sallama.

"Ina takardar da kika danne ɗiyata ciki?"

Na ce, "Inna, fure ne kawai. Darasi ne."

"Darasin mi, da sunanta da na ubanta, an aza dutsi bisa? Hakin na bushewa, ita ko tana bushewa. Taho ki gani."

A Dogon Dutsi aka haife ni. Na san irin mutumin da ke rubuta sunan wani, ya haɗa da haki, ya danne da dutse. Na san shi tun ina goye. Shekarun lakwal ne suka sa na manta. Ba wanda ya furta kalmar, amma na gan ta a idon kowa da na wuce: mayya.

Direkta ya ce zai aika a kira masu sandan kumandan. Na roƙe shi ya bari, don in suka zo, ƙauyen ba zai taɓa yafe mini ba. Na rungumi kayen na bi uwar.

Gidan cike yake da mata. Yarinyar na kwance bisa tabarma ƙarƙashin rumfa, leɓɓanta sun tsage. Kawunta ya ce, "Madamu, ba mu son faɗa. Ki ƙetare ta sau ukku, ki sake ta, shi ke nan."

Haka ake sa maye ya yi don ya saki wanda ya kama. In na ƙetare, na amsa sunan ke nan, kuma suna ne da ba ya wankuwa: ba mai cin abincina, har ɗiyan da ban haifa ba za su gaje shi. In na ƙi kuma ta mutu fa? Na buɗe baki, Faransanci kawai ke zuwa mini. Na rufe.

Kakar yarinyar na gefe tana ɓarar gujiya. Sai ta kakkaɓe zanenta.

"Ku dakata. Ke ɗiyata, buɗe in ga abin."

Na buɗe shafin. Ta kawo shi kusa da idonta, ta sunsuna, sai ta tuntsire da dariya.

"Yoɗo na! Duk hayaniyar ga bisa yoɗo? Wanga ko miyar kyanwa ba shi isa. Abin da sunka koya miki can ke nan, shanya bisa takarda?"

Wata ta yi dariya, ta maza ta rufe baki. Uwar ta ce, "Inna, sunanta fa na ciki."

"Na ji. Mu da muke shanya shi kowace kaka, wa munka kashe? Yoɗo ba shi mutuwa don ya bushe. Kawo ƙwarya da ruwa."

Ta sa na yage shafin da hannuna, na tsoma shi duka. Tawadar ta narke, sunan ya bi ruwa. Ta ce in murza. Na yi ta murzawa ina hawaye, har ganyen ya saki yauƙi tsakanin yatsuna. Ta kama hannuna ta ɗaga sama, yauƙin na zarara kamar zare.

"Kun gani? Ransa na nan. Ba wanda zai ƙetare jikata. Hannun da ya cire shi zai mayar. Wanke mata kai."

Na durƙusa. Kan yarinyar zafi kamar tukunya. Na shafa ruwan cikin kitsonta a hankali, yadda uwata ke wanke mini kai da yoɗo ina ƙarama. Ta buɗe ido ta ce, "Madamu, furena ne?" Na ce nata ne.

Da za ta raka ni ƙofa, tsohuwar ta ce a kunnena, "Maganin nan mai ɗaci na Nasara, in kina da shi, aiko." Na kai mata kinin ɗina duka kafin azahar.

A rana ta huɗu yarinyar ta nemi fura.

Sauran shafukan na yage su ɗaya ɗaya na kai kowane gida. Wasu suka jiƙa, wata ta ce in riƙe sai na tara na miya. Da anspekta ya zo ya sami kaye ba komai sai guntayen takarda, ya rubuta cewa ba ni da himma.

Ƴanmatan sun dawo aji, mai fura ma ta dawo. Uwar tana amsa gaisuwata, amma ba ta tambayar gajiya. Na kai wa tsohuwar goro, na tambaye ta ko ita ta taɓa zargina. Ta ɓare goron, ta daɗe tana tauna.

"Ni dai na gan ki yarinya ba uwa kusa," in ji ta. "Amma da jikata ta mutu, ɗiyata, ko ni ban iya tare miki su."

Yanzu jigawar fayau take, ba ko ganye ɗaya. Yaran sun ce irin na nan ƙarƙashin rairayi, suna tambayata ko za mu koma tsinka in ruwa ya sauka. Na ce musu za mu je mu duba shi inda yake, mu zana shi bisa allo.