Masana'antar da Na Tarar a Gonar Dawa

A lokacin ina sana'ar POS a bakin kasuwar kifi ta Kado, ina tara kuɗin shiga makarantar koyon aikin jinya. Ni dai ba ni da haƙuri, kuma ba na son dogon bayani. Wata ƙawata ce ta saka ni a wani zauren WhatsApp na masu sayen hannun jari. Wai wani kamfani ne yake ƙera batirin sola a Gwagwalada, kuma hannun jarinsa ɗaya bai fi kuɗin ruwan leda ba. Wallahi bidiyonsu ya tafi da hankalina: injuna suna aiki da kansu, ma'aikata cikin fararen kaya, ko'ina ƙal. Duk shafin da na buɗe sai in ga wata 'yar gayu tana yabon kamfanin, farashin kuma kullum sai hawa yake. Ogan zauren ya ce duk wanda ya kai Juma'a bai saya ba, ya yi wa kansa. Na zuba kuɗin makarantar kaf.

Yayana ya tambaye ni ko na taɓa ganin batirin da idona. Na ce masa ya daina ƙauyanci. Don in rufe masa baki na hau mota zuwa Gwagwalada in ɗauko hoton masana'antar. Mai okada ya sauke ni a gaban wani makeken allo mai ɗauke da sunan kamfanin. A bayansa kuwa gonar dawa ce iya ganina. Wani tsoho, mai gonar, ya ce wasu samari ne suka roƙe shi suka kafa allon, suka yi hotuna, bai ƙara ganinsu ba, amma yana jin daɗin inuwarsa.

A nan na ciro waya don in sayar da hannun jarina, babu mai saye. Ashe masu tallan ne suke juye mana nasu hannun jarin. Kafin ƙarshen mako farashin ya faɗi warwas, aka rufe zauren. Ban shiga makaranta a shekarar ba.

Har yau mamaki nake yi yadda mutane suka gina kamfani guda da allo da bidiyo kawai. Idan kun ga hannun jari ya yi arha, tallansa ya yi yawa, ana kuma cewa ku yi sauri, ku tsaya. Ku je ku ga kayan da idonku kafin ku biya. Ni sai da na biya na je.